Ƙyallayen da Inna Ta Kalmashe

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun da ƙafar? Ina fata kina zuwa wurin mai gashin ƙashi ba sai Yaya ta yi ta lallashi ba. Mu nan lafiya lau. Jikanki yana ta sha, yana ta barci, yana ta ɓata kaya, ayyukansa ke nan kuma bai taɓa fashin ko ɗaya ba.

Na zaɓi in rubuto ne saboda waya ba ta yi mana. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jikin nan ya same ki, in na kira ni kaɗai ke ta zuba, ke kuwa sai "to". Na ce na sauka lafiya, kika ce to. Na ce yaron goshinki ya ɗauko, kika ce to. Inna, ke da ba a gama share ɗaki ba ki nuna lungun da aka tsallake ba? Ke da kika yi shekara da shekaru a kan keken ɗinki, mai kaya na yabo kina warware hannun riga saboda ke bai yi miki ba? Na san harshen ya yi nauyi, na san ba kya son a ji maganarki tana sarƙewa. Amma wallahi wannan "to" ɗin yana ci mini rai fiye da ciwon kansa. Don haka ga takarda, ki karanta lokacin da kika ga dama, ba sai kin amsa ba.

Bari in ba ki labarin abin da muke fama da shi, ko kya yi dariya. Tun da na ajiye aiki muka koma kan albashi ɗaya, sai muka gano cewa ba madara ce za ta talauta mu ba, jiƙaƙƙen tishun nan ne na kanti da ake goge wa jarirai jiki. Ka buɗe leda yau, jibi ka ga ƙasanta. Kuma duk tsadarsa bai karɓi angon naki ba, mazaunansa suka yi jawur, ana taɓawa yana tsala ihu. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wadda kowa a gidan nan ke kira Nas saboda aikinta, ita ta hau benen ta duba shi, ta ce turaren da ke cikin tishun ne. Ta koya mini in haɗa nawa: a tafasa ruwa a bar shi ya huce, a ɗiga sabulun jarirai kaɗan da ɗan man kwakwa, a jiƙa abin gogewa a ciki, a rufe a roba mai murfi. Ta ja mini kunne kada in haɗa fiye da na yini guda, don in ya kwana biyu fumfuna yake yi.

Nan fa surukinki ya samu abin yi. Kin tuna ke kika raɗa masa Mai Awo, tun ranar da ya fara zuwa gaishe ki ya tsaya ya daidaita kalandar bango kafin ya zauna. To har yau bai sauya ba, kuma aikinsa na kan injin yanka takarda a maɗaba'a ya ƙara lalata shi. Ya ɗauki naɗin takardar goge hannu ta kicin ya tafi da ita wurin aiki, ya raba ta biyu daidai wa daida, ya dawo yana ta nuna mini santsin bakin yankan. Muka jiƙa. Inna, takardar ta narke a hannuna, yatsana ya ɓulla ta cikinta a daidai lokacin da ba a so. Shi yana gefe yana cewa ai yankan ba shi da laifi.

Sai muka koma ƙyalle, wanda ake wankewa a sake amfani da shi. Na fito da tsohon zanen gadon nan mai ruwan bula, wanda ya sha wanki har ya yi laushi kamar kunnen jariri. Mai Awo ya shimfiɗa shi a tsakar ɗaki da rula da fensir, ya hana kowa wucewa, ya fitar da ƙyallaye murabba'i masu faɗin tafin hannunsa. Abin ya yi kyau ƙwarai, jan ya baje, kuɗin tishu ya zauna a aljihu, muna ta yabon kanmu.

Ba mu yi tunanin bakin ƙyallen ba. Duk wanki sai ya ƙara zarewa, mu kuma muna tsinkewa muna yarwa. Shekaranjiya da hantsi yaron nan ya kama kuka, na ba shi ya ƙi, na goya shi ya ƙi, na duba kunzugu ba komai. Nas ta jiyo ta hawo da gudu, ta tuɓe shi tsaf, tana cire safa sai ga zare ya naɗe ɗan ƙaramin yatsan ƙafarsa, har ya kumbura ya fara sauya launi. Da mai da ɗan almakashi ta lallaɓa ta cire. Yatsan ya dawo daidai, alhamdu lillahi. Ta ce ko a kalmashe bakin kowane ƙyalle, ko a zubar da su.

Na ɗauki allura, Inna, kuma kin san sauran labarin, tunda ke kika kore ni daga ɗakin ɗinki kika ce hannuna na riƙon biro ne. Na sako miki wanda na yi a saman ƙunshin nan, tare da wasu da ba a taɓa ba. Ki duba kawai ki nuna wa Yaya yadda za ta yi wa wani tela bayani, don ni ban san ma abin da zan ce masa ba.

Ki gaida Yaya da mijinta da yara. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana ke.

Taki har kullum,
Auta

*

Innata,

Assalamu alaikum, tare da fatan kin tashi lafiya, jiki kuma yana ta ƙara sauƙi. Yaya sanyin safiya da ƙafar? Mu nan sai godiya.

Direban da kuka ba saƙo ya kawo ƙunshin. Na buɗe a tsaye a bakin ƙofa, yaro a kafaɗa, ina ganin bakin ƙyalle na farko na nemi wuri na zauna. Ba ɗinkin keke ba ne, kuma ba na Yaya ba ne, don ita ko maɓalli ba ta iya sawa. Ɗinkin ya karkace, wani takun ya yi tsawo wani ya yi gajere, amma kusurwar nan da kike naɗewa ciki sau biyu ki danne da babban yatsa, ba wanda ke yin ta a duniya sai ke. Na yi kuka har angon naki ya taya ni, shi bai san dalili ba.

Kada ki yi wa Yaya faɗa, ni na matsa mata. Sai da ta fita bakin ƙofar gida da waya sannan ta ba ni labari. Ta ce ƙunshin ya daɗe a kan kujera ba ki kalle shi ba. Rannan tana wucewa ta ga kin ɗauki wanda na kalmashe kin kai shi kusa da ido, sai ta ji tsaki. Ta ce tsayawa ta yi cak a bayan labule, don rabon da ta ji tsakinki tun kafin a kai ki asibiti. Wai washegari kika nuna mata gwangwanin allurai, ta zura miki zare a guda da yawa ta soke su a jikin matashi, kika sa ta ja ƙofa. Wai kina ɗora matashin a cinya, ki shimfiɗa ƙyallen, ki ɗauko hannun daman da ya ƙi motsi ki aza a kai ya danne, ki ɗinka da hagu. Inna, ashe hannun da kike cewa ya mutu ma kin samo masa aiki.

Ta kuma isar mini da saƙonki, cewa kada kowa ya san ke kika yi, har da Mai Awo. Na fahimta. Macen da ake layi a ƙofarta ba za ta so a ga wannan a ce nata ne ba, ko da yake ni a wurina ya fi duk rigunan da kika taɓa ɗinka mini. Na yi alkawari bakina a rufe. Shi dai ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya karkatar da kai yadda yake yi in ya ga hoto a bango ba daidai ba, ya ce sannu da ƙoƙari. Yana zaton ni ce. Na karɓi sannun, karo na farko ke nan da aka zarge ni da aikin da ya fi ƙarfina.

Ga yadda muke yi yanzu, don ki san inda aikinki ke zuwa. Da safe in na dafa ruwan shayi sai in ware na yaro a kofi ya huce. In haɗa da sabulun da man, in jera ƙyallayen yinin a roba in zuba a kai, in matse su kaɗan don kada su yi ɗigo. Robar tana kan teburin da muke sauya masa kunzugu, gefen taga. Wanda aka yi amfani da shi yana faɗawa bokiti mai murfi a banɗaki. Da yamma Mai Awo ne ke wankewa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba, ko ya dawo a gajiye sai ya naɗe hannun riga. Mu tafasa su a tsohuwar tukunyar da muka ware, da safe in shanya a igiyar baranda rana ta buge su. Matan gidan da ke kallonmu sun fara tambaya, ɗaya ma ta aiko a ba ta awon. Fatar yaron ta yi sumul, ko ɗigon ƙurji babu.

Da abin da muka rage na tishu na sayi yadin auduga mai laushi, ga shi nan an yanka na sako. Ba ina sa ki aiki ba ne, amma angon naki ba ya jin kunyar ɓata kaya, kuma in hadari ya taso shanya ba ta bushewa. In kin gaji ki ajiye.

Na gode, Inna. Na rubuta kalmar na ga ta yi mini kaɗan, amma ba ni da wata. Ki gaida Yaya da mutanen gida.

'Yarki mai ƙaunarki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina ɗawainiya? Yaya maigidan da yara? Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kike yi da Inna, mu muna nesa sai dai baki. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, don Allah kada ki bar ta inda za ta gani.

Yaya, an yi ɓarna, kuma ban san ta inda zan ɓullo ba.

Kin san ƙunshi nawa ya zo tun daga na farko, kin kuma ga yadda hannunta ke ta faɗawa. Ni har jera su nake yi a kan gado in na kwaso shanya, daga na farkon da takun ɗinkinsu ke tafiya kamar mai koyon tafiya, zuwa na bayan nan da sai ka duba da kyau za ka ga karkata. Ba na bukatar likita ya gaya mini tana samun sauƙi, a igiyar baranda nake gani.

Ranar da na kai yaro rigakafi na bar su a ninke a kan tebur, duka in ban da 'yan kaɗan da ke jakata. Layin asibiti ya yi tsawo, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar da Mai Awo ya riga ni, yana zaune yana murmushi, ga wani ƙunshi a gabansa an naɗe da takarda mai ruwan ƙasa an ɗaure da zare, yadda suke ba masu katin biki kayansu. Ya ce in buɗe. Yaya, ashe kwashe su ya yi ya tafi da su maɗaba'a. Ya jera su a kan injin, ya danne, ya auna, ya sauke wuƙar a kowane gefe. Duk kalmasar Inna ta tafi, ko taku ɗaya bai rage ba. Daga nan ya biya wurin telan bakin titi ya bi bakinsu da keke. Ga su nan murabba'i, kansu ɗaya kamar an haife su rana guda.

Yana ta bayani, wai ya daɗe yana tausayina, ga reno ga allura, kuma ya lura abin ba ya ba ni haɗin kai, shi ya sa ya ce bari ya hutar da ni ba tare da ya kunyata ni ba. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan ne ma abin da ya hana ni ihu. Na zauna a ƙasa da mayafina da jakata ban cire ba. Da ya ga hawaye ya rikice, yana tambaya ko girman ne bai yi ba. Sai na karya alkawarin Inna na gaya masa wanda ya yi ɗinkin, da hannun da aka yi shi, da matashin, da ƙofar da ake ja.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Ya sa takalmi ya fita. Sai gab da magariba ya dawo, kansa da rigarsa duk ƙurar takarda, da leda a hannu. Ashe komawa ya yi, ya tarar an riga an ɗora buhunan tarkacen yanka a motar mai sayen takarda, ya roƙi mutumin ya sauke, ya zazzage su a bayan maɗaba'a yana tsintar bakin ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, abokan aikinsa na kallo suna zaton ya zautu. Ya ajiye ledar a gabana ya shige banɗaki, na ji ya daɗe yana wankan da bai kai a daɗe ba.

Yanzu ga inda matsalar take. Jiya kika ce mini Inna ta ce a mayar mata da na farkon nan, za ta warware ta sake su tunda hannun ya fara jin magana. Da na ji haka daɗi ya kama ni, don wannan ita ce Innar da muka sani, sai kuma na tuna abin da ya same su. Me zan aiko? In ta ga an yanke aikinta an kai wa wani tela, ba za ta tsaya jin wai kuskure ba ne. Cewa za ta yi an duba an ga bai yi ba. Ina tsoron ta mayar da gwangwanin allurai inda yake, ta koma kallon bango tana ce mana to. Wallahi gara a ce duk kayan ɗakina aka yanka.

Ke kike tare da ita, ke kika san yadda take kwana take tashi. Ki ba ni shawara. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, sauƙi kuma yana ta samuwa. Jikanki yana gaishe ki, ya fara dariya mai sauti, musamman in an goge masa wuya.

Inna, kin ce a aiko da ƙyallayen farko. An ba ni shawara in ce iska ta kwashe su daga baranda, kuma na gwada rubuta hakan, amma ke kina gane ƙaryata tun kafin in gama haɗa ta, ko a takarda ba na jin zan tsira. Ga gaskiya. Surukinki ya zaci ni na yi ɗinkin, ya so ya hutar da ni, ya kai su wurin aikinsa ya yanke bakinsu a injin, ya ba telan unguwa ya bi da keke. Bai san naki ba ne, saboda na riƙe alkawari. Da na ga abin da ya faru na gaya masa, saboda haka alkawarin ma na karya. Laifi biyu ke nan a gidan nan, ɗaya nasa ɗaya nawa.

Abin da ke cikin ƙaramar ledar, bakin ƙyallayenki ne da ya je ya tsinto daga buhunan shara. Ya wanke su da hannunsa, ya goge, ya jera su a kan kwali daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma ban nuna masa tsarin ba, da ido ya bi ɗinkin ya gane. Tun ranar ba ya iya cin abinci sosai. Ya ɗauki biro zai rubuto miki ya fi a ƙirga, sai ya ajiye, wai bai san da wane baki zai fara ba. Na kuma sako ɗaya daga cikin waɗanda telan ya yi, don kada in ɓoye miki komai.

Abu ɗaya nake roƙo ki sani. Ba wanda ya duba aikinki ya raina. Watannin nan duk abin da ya taɓa jikin yaron nan da safe da rana hannunki ne ya bi bakinsa, kuma zare ko ɗaya bai sake zarewa ba. Ni da ba ki samu zuwa kin yi mini zaman jego ba, ban ji rashin ba kamar yadda na zata, don kullum kina kan teburin nan gefen taga.

In kin yi fushi kina da gaskiya. Ki yi fushin da mu, kada ki yi da allurar.

Ki gaida Yaya. Allah ya huci zuciyarki.

'Yarki,
Auta

*

Innata ta kaina,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya maƙogwaro? Na tambayi maƙogwaron ne don na san jiya ya yi aiki. Mu nan lafiya, sai dai kunnen mutum ɗaya da har yanzu yake zafi.

Na san kina wurin, amma ki bar ni in ba ki labarin yadda abin ya kasance ta ɓangarenmu, don ina so in ajiye shi a rubuce. Ina tsaye a baranda ina shanya wayar ta yi ƙara. Na ga lambar Yaya, na zaci wani abu ya faru, don tun da direba ya tafi da saƙon ban yi barcin kirki ba. Na ɗauka ina cewa Yaya lafiya, sai na ji muryarki, ba sallama ba tambayar yaro, wai in ba Mai Awo wayar. Ƙyallen da ke hannuna ya faɗa ƙasan bene, Nas ce ta tsinto mini daga baya.

Yana shirin fita aiki, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya karɓa da hannu biyu, ya miƙe tsaye, kuma a tsayen ya ƙare. Ni ina jin komai don kin ɗaga murya. Na zaci yankan za ki yi wa faɗa, ashe wannan somin-taɓi ne. Wai wane telan ne wannan, wa ya koya masa, da wane ido ya ga ana bin kayan jariri da zaren roba mai kartar fata. Wai kusurwa ko ɗaya bai naɗe ba, wanki kaɗan za su buɗe baki. Wai kuma wa ya ce masa ana yanka auduga da rula kamar takarda, ai zare ake ja a bi hanyarsa, shi ya sa tun farko suke zarewa, da ma kin gani kin yi shiru ne kawai. Inda kalma ta maƙale miki, na ji kin tsaya kin sake ta, kin kuma sake ta har ta fito, ba ki bar masa ko ɗaya ba. Shi kuwa ba abin da yake cewa sai to Inna, to Inna.

Da aka zo kaina ma ban tsira ba, na ji batun bakina da ba ya riƙe magana, da hannuna na riƙon biro. Inna, ina tsugune a bakin ƙofa ina dariya ina kuka, yaro a cinya yana kallona. Rabon da a wanke ni tas haka har na manta daɗinsa. Yaya ta ce da kika ajiye wayar kin nemi shayi, kin kuma ce ya yi sanyi.

Mun ji umarni. Na telan duk mun tattara su gefe, ba za su sake taɓa jikin yaro ba, 'yan kaɗan ɗin da suka tsira a jakata su muke juyawa, ana wankewa ana jiran su bushe. Ya sayo yadin audugar, bai sa masa almakashi ba, ko rula bai nuna masa ba. Ya nemi hutun ƙarshen mako a wurin aiki an ba shi. Da ya gaya wa maigidansu cewa surukarsa ce ta kira shi ya zo ya riƙe mata bakin yadi tunda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, mutumin bai ƙara tambaya ba. Za mu taso da motar safe in Allah ya yarda, ki ga angon naki ido da ido, ki kuma duba wuyan rigunansa, na san akwai magana a nan.

Ki gaida Yaya da maigidanta da yara, ki ce mata na gode da shawarar da ban bi ba. Nas ma tana gaishe ki.

Mai Awo tun jiya yake shiri. Ya yanke farce, ya goge rigar da zai sa, ya yi aski, wai ba ya so ki samu abin faɗa ko ɗaya a jikinsa. Na ce masa ya daina wahalar da kansa, za ki samu. Allah ya sa ki samu, Inna, ki yi ta samu har shekaru masu yawa.

Taki, mai godiya,
Auta